Jirgin ƙasa ko bas mai layinta: da wanne ya kamata Kano ta fara?

A 2016 gwamnatin Kano ta sa hannu da kamfanonin ƙasar Sin a kan kwangilar jirgin ƙasa na cikin gari, mai tsawon kilomita 74, a kan dala biliyan 1.85. A 2020 aka yi ta kai ruwa rana kan bashin Yuro miliyan 684 da za a ciwo don kashin farko na aikin. Jirgi bai zo ba. A ƙarshen 2022 kuma aka ƙaddamar da motocin bas na Kanawa, aka ce 'yan adaidaita sahu su bar wasu manyan tituna, ba a je ko'ina ba aka janye dokar, domin jama'a sun cika bakin titi sun rasa abin hawa. Yanzu maganar jirgi ta sake tasowa, kuma duk mai kishin garin nan zai so ya gan shi yana ratsa Kano. Sai dai tsakanin jirgin biliyoyi da motocin da ake sayowa a zuba a titi akwai wata hanya da ba mu cika zama mun auna ta ba, wato bas mai layinta, wadda duniya ta sani da BRT.

Ra'ayina shi ne Kano ta fara da bas mai layinta, a hanya ɗaya tak, a yi ta yadda ya kamata, a jinkirta jirgi. Masu wannan ra'ayin sukan tsaya ga cewa bas ta fi araha. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta isa ba, kuma akwai inda jirgi ya fi bas nesa ba kusa ba. Gara a baje komai a faifai.

A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Birni, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, suna da mutum kusan miliyan 2.8. Yau ana ƙiyasta sun haura miliyan huɗu. Gidaje sun yi nisa, sun kai Janguza da Mariri da Gunduwawa, amma abincin mutane yana nan inda yake, a Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Wambai da Kurmi. Da safe gari ya kwararo tsakiya, da yamma ya watse. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, nauyin wannan jigila ya koma kan adaidaita sahu. Duk wanda ya tsaya a titin IBB bayan la'asar ya san yadda abin yake: adaidaita jere uku ko huɗu, kowane direba ya sa kai yana neman inda zai kutsa, mai kurkura ya tsaya ana ɗora masa dila, ɗan Karota yana ta daga hannu, ga mata da yara a gefe suna tsayar da wanda zai yi Kurna ana wuce su saboda direba shata yake nema. Titin ba ƙarami ba ne. Abin da ya cinye shi ƙananan ababen hawa ne masu yawan gaske, kowanne ɗauke da mutum uku.

To mece ce bas mai layinta? A tsakiyar titi, inda kankaren da ya raba hannu biyu yake, ake ware layi biyu, na zuwa da na dawowa, a killace su ta yadda ba motar gida, ba adaidaita, ba ayarin mai girma da zai shiga. Tashoshin ma a tsakiya suke. Fasinja yakan biya da kati tun a ƙofar tasha, saboda haka babu kwandasta, babu rigimar canji. Daɓen tashar daidai yake da daɓen motar, tsohuwa mai sanda ko mai keken guragu ba sai an ɗaga su ba. Doguwar bas mai gaɓa a tsaka, mai tsawon mita 18, ta tsaya, ƙofofi uku ko huɗu su buɗe lokaci guda, masu sauka su sauka, masu hawa su hau, kafin rabin minti ta ɗaga. Ba ta jiran lodi. A mararraba kuma ana saita danja ta ba ta hannu da wuri.

Irin wannan mota tana ɗaukar mutum wajen 150, aikin adaidaita 50 ke nan. In ana sakin ɗaya duk minti biyu, layi guda zai kwashe mutum 4,500 a awa ɗaya zuwa ɓangare ɗaya. In duk minti ɗaya ne, 9,000. Tsarin ya samo asali ne a birnin Kuritiba na Birazil a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, sannan Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa shi a Disambar 2000 da TransMilenio, wanda ta hanyar ƙara layin wucewa a tashoshi yake kwasar sama da mutum dubu 35 a awa a babbar hanyarsa, adadin da a da ake ganin sai jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Kafin a shiga kwatanta bas da jirgi, a fara kawar da abin da ya fi saurin jan hankalin gwamnatoci, wato sayo sababbin motoci a yi musu fenti a zuba su cikin cunkoso. Akra ta ƙasar Gana ta gwada. A ƙarshen 2016 aka ƙaddamar da motocin Aayalolo daga Amasaman zuwa tsakiyar birni, motoci masu kyau, da kati da komai, ana kiran su BRT, alhali mafi yawan hanyar ba su da layinsu. Suka maƙale a gosulo ɗaya da ƙananan motocin haya da ake kira tirotiro, fasinja bai ga dalilin tafiya tasha ya jira ba tunda ba saurin da zai ƙaru da shi, kuɗin shiga ya kasa biyan mai da albashi, a 2018 aikin ya tsaya cik na wani lokaci. Babbar mota a cikin cunkoso ta fi adaidaita shan wahala, don ba ta iya kurɗawa. Sawu uku da za ta yi a wuni ba zai riƙe ta ba. Wadda ke da layinta kuwa za ta ninka wannan sawun da direba ɗaya da mota ɗaya, kuma a nan ribar tsarin take gaba ɗaya. Ko da a ce kuɗin mota 100 kawai ake da shi, gara a sayi 60 a kashe ragowar wajen killace musu hanya.

Batun kuɗi da lokaci, Legas ta hutar da mu, domin ta yi duka biyun, a gari ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, LAMATA. Layin bas na farko, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, ya fara aiki ranar 17 ga Maris 2008, zamanin Fashola. An kashe kimanin dala miliyan 1.7 a kowace kilomita, kuma bai daɗe ba ya riƙa ɗaukar mutum wajen dubu 200 a rana. An miƙa shi zuwa Ikorodu a 2015, aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Jirgin Blue Line kuwa, da aka fara aikinsa wajajen 2010, bai ɗauki fasinja ba sai Satumbar 2023, kuma kashin da aka buɗe, Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 ne. Yaron da aka sa a firamare lokacin da aka fara aikin ya gama sakandare kafin ya hau. Wannan fa Legas ce, jihar da harajin da take tarawa ya ninka na Kano sau da yawa.

Jirgin Adis Ababa, kilomita 34, ya ci dala miliyan 475, kusan miliyan 14 ke nan a kilomita. Na Abuja, kimanin kilomita 45, ya haura dala miliyan 800. Wanda aka tsara wa Kano, in aka raba biliyan 1.85 gida 74, dala miliyan 25 ne kowace kilomita. Amma gaskiya ɗaya ce: cikakkiyar BRT ma tana iya cin kuɗi sosai. Ta Dakar, kilomita 18 da ɗoriya daga Petersen zuwa Guediawaye, mai tashoshi 23 da motocin lantarki zalla, wadda ta fara aiki a 2024, ta haura biliyan 300 na kuɗin sefa, domin sun sake gina titin ne daga bango zuwa bango, da magudanan ruwa, da hanyar masu ƙafa, da diyyar waɗanda aka tasa. Bambancin shi ne bas tana yarda a yi ta daidai ƙarfin aljihu. Ana iya farawa da kankaren killacewa da tashoshi masu sauƙi irin na Legas, a riƙa ingantawa. In kuɗi ya yanke a kilomita ta goma, motar za ta sauka daga layinta ta ƙarasa a titin kowa. Jirgi kuwa sai dogo ya kai ƙarshe, an gama tashoshi da gareji da wutar lantarki da na'urorin ba da hannu, kafin mutum ɗaya ya hau. Jirgin da aka yi rabinsa ginshiƙai ne kawai a tsaye, ga bashi yana ta haihuwa.

Bashin nan shi ne ya fi tayar mini da hankali. Fasinja da naira zai biya, mai bashi kuwa dala ko Yuro yake karɓa. Lokacin da aka sa hannu a kwangilar 2016 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Da an ci bashin a lokacin, abin da Kano za ta riƙa biya da naira ya ninka kusan sau biyar, ba tare da an ƙara ko taku ɗaya na dogo ba, kuma daga asusun da ake biyan malaman makaranta da sayen maganin asibiti za a cire. Motocin bas ma da dala ake sayo su, amma mafi yawan aikin layin, kankare da kwalta da rumfunan tasha, da siminti da rodi da leburorin gida ake yin sa.

Sayen doki ba shi ne wahala ba, dawa da harawar kullum su ne. Jirgin Adis Ababa da aka buɗe a Satumbar 2015 ya fara da jirage 41, ana ta alfahari da shi a matsayin irinsa na farko a Afirka kudu da Sahara. Kafin shekara goma fiye da rabinsu sun kwanta a gareji saboda rashin kayan gyara, waɗanda sai an nemo kuɗin waje an yi odarsu daga Sin, ga ɗaukewar wuta da kan tsayar da jirgi a tsakiyar hanya. Na Abuja da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, bayan an sake kashe kuɗi wajen gyaran abin da ɓarayi suka kwance da yin titunan shiga tashoshi. Jirgin lantarki yana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa, kuma duk mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai zai gaya maka yadda wuta take a Kano. Sai dai a gina masa tashar wutarsa, wani kuɗin ke nan.

Kada a ɗauka bas ta tsira daga wannan ciwo. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe nata layin a Mayun 2016, kilomita 21, daga Kimara zuwa Kivukoni haɗe da rassansa, tafiyar da kan ci awa biyu ta dawo ƙasa da awa ɗaya, har birnin ya karɓi lambar yabo ta duniya a 2018. Amma an gina garejin motocin a Jangwani, kwarin da ruwa ke kwanciya, ambaliya ta riƙa shiga tana lalata su. Motocin da suka tsufa ba a maye gurbinsu a kan kari ba, tashoshi suka cika maƙil, mutane suna jira har su gaji. Layi lafiyayye, motoci babu. Bas takan yi shekara goma zuwa sha biyu ta gaji, saboda haka tun ranar da aka buɗe ya kamata a fara tara kuɗin maye gurbinta a asusun da ba mai taɓawa. Abin da ya sa duk da haka na fi natsuwa da bas shi ne gyaranta yana cikin abin da garin nan ya iya. Akwai bakanikan manyan motoci a Kano, akwai 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa, kuma kamfanonin da ke ƙera bas suna da yawa, in wannan ya tsawwala a koma wajen wancan. Mota ɗaya in ta lalace a janye ta, sauran su wuce. Jirgi in ya tsaya a kan dogo, duk na bayansa sun tsaya.

Akwai darasi na biyu a jirgin Abuja, wanda ya shafi inda aka bi da shi. Ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama da Kubwa, amma tashoshi da dama suna nesa da gidajen mutane, kuma bai leƙa hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda ma'aikata suka fi shan azabar cunkoso. Dogo in an shimfiɗa shi a inda ba daidai ba, shi ke nan. Kano kuwa gari ne mai saurin sauya kama, unguwar da take gona shekara goma da suka wuce yau ta cika da gidaje.

Yanzu a ba jirgi haƙƙinsa. Taragu sukan yi shekara talatin ko fiye suna aiki. Direba ɗaya yakan ja mutum ɗari uku ko fiye, ba hayaƙi, ba girgiza, kuma in jama'a sun ƙaru sai a ƙara tarago. Jirgin da aka ɗaga sama ko aka ba shi hanyarsa daban ba ya cin ko taku ɗaya na titi, don haka ba ya jawo faɗa da masu motoci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi girman raunin bas mai layinta shi ne sauƙin rushe ta. Delhi ta Indiya ta buɗe layi mai kilomita 5.8 a 2008. Gajere ne, bai kai mutane ko'ina ba, masu motocin gida da suka ga an rage musu titi suka yi ta ƙorafi a jaridu da kotu, a 2016 aka fasa shi. A garin da sabuwar gwamnati kan yi watsi da aikin wadda ta gada, wannan abin tsoro ne na gaske. Kankaren killace layi katafila ɗaya ta ishe shi a dare ɗaya. Ko ba a fasa ba, ranar da aka bar motar wani babba ta bi layin, gobe ta ɗan'uwansa ce, jibi ta kowa.

Sannan Kano tana da wata dukiya da ba a cika tunawa da ita ba. Dogo ya iso garin tun 1911, kuma tsohuwar hanyarsa tana nan, ta taso daga Calawa ta ratsa Sharaɗa ta shigo tsakiyar gari, ta fita ta nufi Nguru. Legas ta yi amfani da irin wannan fili na hukumar jiragen ƙasa ta yi jirgin Red Line, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, aka buɗe a 2024, cikin lokacin da bai kai rabin na Blue Line ba. In Kano za ta yi jirgi, nan ya kamata ta fara dubawa, musamman da ake aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Abin da ake buƙata yau shi ne a hana gini cin wannan fili, domin diyyar gobe ta fi ta yau tsada.

Duk wannan lissafin injiniyoyi ne. Abin da zai tayar da aikin ko ya kwantar da shi 'yan adaidaita sahu ne, kuma a nan nake ganin masu tsara manufofi sun fi yin sakaci. Dubban magidanta ne ke ci daga wannan sana'a. Direba ya fito da asuba, ya fara haɗa balas ɗin mai mashin, ya haɗa kuɗin mai, ya biya harajin rana, abin da ya ragu shi ne cefanen gida. Bayansa akwai mai mashin ɗin, wataƙila bazawara ce ko ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa, akwai bakanike, mai faci, mai wanki, mai sayar da kayan gyara. Yajin aikin da suka yi a Fabrairun 2021 da Janairun 2022 ya nuna wa kowa cewa in suka ajiye makulli gari ya tsaya, ɗalibai da 'yan kasuwa suka riƙa takawa a ƙasa. Wanda ya ce zai kore su da sanarwar rediyo bai san Kano ba.

Garuruwan da suka yi nasara jawo masu tsohuwar sana'ar suka yi cikin sabuwar. A Legas ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, banki ya ba ta bashi ta sayi motoci, ita ta fara gudanar da layin. A Johannesbag ta Afirka ta Kudu, inda aka buɗe layin bas na Rea Vaya a 2009 cikin rikici har da harbe-harbe, masu ƙananan motocin haya sun miƙa motocinsu an ba su hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin. A Feshawar ta Pakistan gwamnati ta sayi tsofaffin motocin da ke bin hanyar ta murƙushe su, ta biya masu su. A nan ma bas ta fi jirgi, domin ɗan adaidaita yana iya koyon tuƙin bas cikin watanni, ya zama direba mai albashi, ko mai sayar da kati, ko mai kula da tasha, ƙungiyarsu kuma ta mallaki kaso. Kamfanin jirgi ba shi da gurbin da zai ɗauki mutane da yawa haka, kuma manyan ayyukansa na ƙwararru ne da za a fara ɗaukowa daga waje.

Kuma ba wanda ya ce adaidaita za ta ƙare. Ba bas ba jirgi da zai shiga lungunan cikin badala, ko ya kai mutum ƙofar gidansa a Ɗorayi ko Rimin Kebe. Aikinta zai koma ɗebo mutane daga unguwa zuwa tasha, gajeren sawu, mai kaɗan, juyi da yawa. Sai dai a yi wa wannan tanadi tun a zane, a ware musu wurin tsayawa a kowace babbar tasha, in ba haka ba za su toshe bakinta. A kuma duba aljihun fasinja: in zai biya adaidaita, ya biya bas, ya sake biyan adaidaita, jimillar ta fi abin da yake biya yanzu, ba zai hau ba.

Kada a manta asalin adaidaita sahu ma don mata aka kawo ta, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, saboda a raba su da hawa acaɓa. Motar da za a cusa mutum 150 a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, matan Kano da yawa ba za su shiga ba, mazajensu da iyayensu ma ba za su so ba. Feshawar, garin Musulmi mai riƙo da al'ada irin tamu, ta buɗe layinta a Agustan 2020 da sashen mata a cikin mota, da ƙofarsu, da wurin jiransu, da ma'aikata mata, da kyamarori. Mata, waɗanda a da ba su cika shiga motar haya ba, suka kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fasinjoji. Wannan abin koyi ne ko bas aka zaɓa ko jirgi. Haka batun kaya. Fasinjan Kano ba jakar ofis kawai yake riƙe da ita ba, akwai mai buhu, mai bandir ɗin atamfa, mai kwali. Dole a yanke tun farko girman kayan da za a shiga da su, a bar musu wuri a motar.

Wane mai motocin za su sha? Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 wannan tambaya ta zama babba. Dizal ya fi sauƙin farawa, ya fi tsadar riƙewa. Iskar gas ta CNG ta fi araha, amma sai bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, ya fara kawo ta a wadace, in ba haka ba da tirela za a riƙa ɗaukowa. Lantarki irin na Dakar ya fi tsafta, rana kuma muna da ita, sai dai tsadar saye da ta baturi. Daɗin abin shi ne ba sai an yanke hukunci na har abada ba. Layin kankare bai damu da abin da motar ke sha ba, ana iya farawa da wani a sauya in an zo maye gurbin motoci.

Hanyar da nake ganin ta fi cancanta a fara da ita ita ce wadda ta ratsa gari daga kudu zuwa arewa: daga Na'ibawa ta titin Zariya, ta Unguwa Uku da asibitin Malam Aminu Kano da Ɗangi, zuwa Ƙofar Nasarawa, ta bi gefen Kantin Kwari, ta hau titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo har Dawanau. Tana da faɗi a mafi yawan wurare, ta haɗa tashoshin mota da asibiti da manyan kasuwanni, kuma tana da tsawon da mutum zai ji bambanci a lokacinsa, ba irin guntun layin Delhi ba. Wurin wahalar shi ne tsakiya, wajen kasuwanni, inda 'yan tebur da masu ajiye motoci da masu sauke kaya suka cinye gefen titi. Nan ne masu zane za su so su ce a bar bas ta gauraya da sauran motoci, nan ne kuma bai kamata a yarda ba, domin a nan cunkoson yake. Sai kuma gadoji. An gina na sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa, Ɗangi, Ƙofar Ruwa, Hotoro, Kabuga da sauransu, kuma ƙafafunsu da gangarensu a tsakiyar titi suke, daidai inda layin bas ke bi. Waɗanda aka riga aka gina sai a san yadda za a bi da su. Duk wadda za a zana nan gaba kuwa, ya kamata a tambayi injiniya ta ina bas za ta wuce kafin a zuba kankare.

Kafin a sayi ko taya ɗaya, abu biyu ne a gaba. Na farko hukuma mai dokarta da ƙwararrun ma'aikatanta da kuɗin shigarta, irin LAMATA da aka kafa da doka tun 2002, shekara shida kafin motar farko ta tashi, kuma ta rayu a hannun gwamnoni huɗu. Karota aikinta kula da bin doka a titi, wannan kuwa aikin tsarawa ne da ƙulla yarjejeniya. Ita ce za ta riƙa karɓar kuɗin kati, ta biya kamfanin motoci gwargwadon kilomitar da suka yi a kan lokaci, kamar yadda Bogota ke yi, domin direban da ake biya da yawan fasinja dole ya jira lodi ya kuma yi tsere. Majalisa kuma ta san cewa kuɗin kati da wuya ya riƙe tsarin shi kaɗai, a rubuta tallafin a kasafin kuɗi a fili.

Na biyu ƙidaya. A tsayar da matasa a Unguwa Uku, Ɗangi, Kurna, Kabuga, 'Yankaba da Hotoro, daga asuba zuwa bayan isha, ranar aiki da ranar Juma'a, da rani da damina, su ƙirga ababen hawa da mutanen da ke ciki, a tambayi fasinjoji daga ina zuwa ina da nawa suke biya. Jami'ar Bayero da ta Wudil suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan, kuma kuɗinsa bai kai na tasha ɗaya ba. In alƙaluman suka nuna hanya tana ɗaukar mutum dubu biyar zuwa dubu goma sha biyar a awa a lokacin cunkoso, bas mai layinta za ta ɗauke su. In aka samu wadda ta haura dubu ashirin, kuma titinta ba shi da faɗin ƙara layin wucewa a tashoshi, to wannan hanyar ta jirgi ce, sai a fara yi mata tanadin fili da kuɗi tun yanzu, a kuma buga alƙaluman kowa ya gani kafin majalisa ta amince da kowane bashi.